A Tanadi Harawa Kafin A Sayo Doki



Tun ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya shelanta a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, malamin makaranta a wannan jiha ya samu ubangida na biyu, wato gidan mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta tsallake 1,000. Ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi, mai Keke Napep ya ƙara, direban tasha ya ƙara, kuma ba mai ganin laifinsu, domin su ma ba ruwan rijiya suke zubawa a tanki ba.

A Oktoban 2024 gwamnatin Jihar Kebbi ta amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, ta ɗara 70,000 na tarayya, mun kuma yaba. To amma a zauna a yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. Mu ɗauka malama tana zaune a Badariya, an tura ta makaranta a Ambursa ko Zauro, tana kashe naira 1,000 kacal kowace rana zuwa da dawowa. A kwana 22 na aiki ta kashe 22,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin nan, tun ba ta auno ko mudun shinkafa ba. Duk mai bin waɗannan hanyoyi ya cire 1,000 ɗin ya sa ainihin abin da yake biya, ya ga inda lissafin zai kai shi.

Sakamakon wannan ba ɓoyayye ba ne. Malami yakan fara zaɓen ranakun da zai je aiki da zarar wata ya yi nisa. Malamai mata su yi ta kai takardun neman a dawo da su cikin gari, makarantun Kardi da Gulumbe da Makera su zauna da ƙarancin malamai, 'ya'yan manoma su zauna a aji suna kallon allo ba kowa a gabansa. Daga nan mai duba makarantu ya zo ya rubuta wa malami takardar tuhuma, kamar shi ya ƙara kuɗin mai. Saboda haka sufuri magana ce ta ilimi, kuma magana ce ta wannan ƙungiya tamu.

Abin da nake kira a kai shi ne reshenmu ya fito fili ya nemi gwamnatin jiha ta samar da motocin bas masu aiki da lantarki a cikin Birnin Kebbi da kewaye, har zuwa Argungu, bisa sharaɗi guda: a fara gina tashar caji, a gwada ta, a ga tana aiki, kafin a biya kuɗin mota ko ɗaya. Mutane iri biyu ne za su tsaya a kan hanyar wannan buƙata. Akwai masu yi mata dariya, akwai kuma masu rungumarta da hannu bibbiyu don su kashe ta. Na biyun sun fi haɗari, amma bari mu fara da na farkon, domin a ɗakin malamai muke zaune da su.

Masu dariya

Maganarsu ɗaya ce: garin da wuta ba ta iya cika batirin waya, ina shi ina motar lantarki? Magana ce mai daɗin faɗi, ana kuma tafa mata. Sai dai mai faɗarta ya manta da Maiduguri. A Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka tarwatsa turakan layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara, suka sake tarwatsawa a watan Maris, birnin ya daɗe cikin duhu yana rayuwa da janareta. In akwai garin da ke da hujjar cewa motar lantarki ba tasa ba ce, to Maiduguri ne. Duk da haka a Disambar 2023 Shugaban Ƙasa ya je can ya ƙaddamar da motocin haya 107 da gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta samar, cikinsu har da tasi 50 masu aiki da lantarki, sauran kuma bas-bas masu amfani da iskar gas. Borno ba ta jira NEPA ta shiryu ba. Ta juya ga hasken rana don yi wa motocinta caji. Rana kuwa ba ta fi son Borno a kan Kebbi ba.

Ba ma sai mun je Borno ba. A sauka fadamar Rima, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, lokacin noman rani. Manomin shinkafar da fetur ya kusa kora daga gonarsa yau yana jan ruwa da injin sola. Bai halarci taron ƙara wa juna sani a Abuja ba. Ya kwatanta kuɗin galan na fetur da kuɗin faifan sola, ya ga inda riba take, ya bi. In manomin da wasunmu ke yi wa kallon wanda bai yi boko ba ya gane cewa ranar da ke ƙona masa ƙeya dukiya ce, abin kunya ne mai takardar NCE ko digiri ya zauna yana cewa ba za ta yiwu ba.

Ga lissafin a fili. Babbar bas ta lantarki, irin mai tsawon mita 12, tana shan abin da ya kai yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace kilomita, yunit ɗin nan dai da muke saya a mitar gida. Birnin Kebbi zuwa Argungu kimanin kilomita 50 ne, don haka zuwa da dawowa sau biyu a yini kilomita 200 ke nan, wato yunit 240 ko kusa da haka. Ko da an saye shi a farashi mafi tsada, na rukunin Band A da aka ɗaga a Afrilun 2024 ya haura naira 200, kuɗin bai wuce wajen naira 50,000 ba. 'Yar'uwarta mai shan dizal tana buƙatar kimanin lita 40 a kilomita 100, wato lita 80 a wannan tafiya, kuma ko an ce lita naira 1,000 ce an kai 80,000. Ga shi motar lantarki ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi ko injekta, ba ta da kulochi. In wutar ta rana ce, tazarar ta ƙara faɗi.

Wani zai ce me ya sa ba za a tsaya ga iskar gas ba, tun da gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman a kanta a 2023? Amsar tana kan taswira. Bututun gas da ake shimfiɗawa zuwa Arewa ya tashi daga Ajaokuta ne zuwa Kaduna da Kano, bai biyo ta Kebbi ba. Duk gas ɗin da za mu ƙona sai an ɗoro shi a tirela an yi ɗaruruwan kilomitoci da shi, da duk abin da ke tattare da hakan na tsada da yankewa. Rana kuwa kullum da kanta take zuwa, ba direba, ba shingen hanya.

Masu almakashi

Yanzu ga waɗanda na ce sun fi haɗari. Su ba sa musu. Da sun ji an ambaci motar lantarki sai idonsu ya yi haske, domin sun hango kwangila, sun hango layin motoci masu sabon fenti a filin wasa na Haliru Abdu, da zare, da almakashi, da masu ɗaukar hoto. Mota tana da kyau a hoto. Taransifoma da rumfar faifan sola da kanikawa masu baƙin hannu ba sa jan 'yan jarida, don haka a tsarin masu almakashi kullum su ne na ƙarshe, in ma an tuna da su.

Mun ga irin wannan rawa. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a na tarayya, aka rarraba motoci ga jihohi. A Janairun 2012, ana tsakiyar zanga-zangar janye tallafin mai, gwamnatin Goodluck Jonathan ta yi shelar bas 1,600 don rage raɗaɗi. Wanda ya san inda suke yau ya nuna mana. Abin da muka saba gani a harabar hukumomin sufuri na jihohi shi ne gawawwakin motoci a kan duwatsu, an cire tayar wannan an sa wa waccan, awaki na hutawa a inuwarsu. Waɗannan kuwa motocin dizal ne, waɗanda kowane bakanike na bakin tasha zai iya kwance injinsu ya ɗaura. In dizal ta mutu haka don rashin tanadi, ta lantarki da ba a yi wa tanadi ba ko shekara ba za ta yi ba.

A nan ne maganar kuɗi ta zo. Motar lantarki ta fi ta dizal tsada nesa ba kusa ba a ranar saye, kuma babban kaso na kuɗin na batir ne. Ba ta mayar da wannan kuɗi sai ta hanyar rarar da take yi kullum a kan mai da gyara, shekara bayan shekara. Ranar da ta kwana ba caji, rarar ranar ta tafi, batirin kuma yana tsufa ko tana tafiya ko tana tsaye. Saboda haka motar lantarkin da ba ta da tabbataccen wurin caji ita ce mota mafi tsada da gwamnati za ta taɓa saya da kuɗin talakawa. Mafi muni shi ne abin da zai biyo baya in an ji kunya: a kawo ƙaton janareta a ajiye a gareji, a riƙa ƙona dizal don a cika motar da aka saya don a huta da dizal. Ranar da aka yi haka masu dariya sun ci gari, kuma sai an yi shekaru kafin wani ya sake ɗaga maganar.

Inda abin ya yi nasara, da tasha aka fara. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya kammala mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 zuwa lantarki a ƙarshen 2017, kuma aikin gina wuraren caji ya tafi kafaɗa da kafaɗa da sayen motocin. In an ce Sin ta yi mana nisa, ga Dakar ta Senegal, a nan Afirka ta Yamma. A Janairun 2024 Shugaba Macky Sall ya ƙaddamar da layin bas na lantarki mai tsawon kimanin kilomita 18 da motoci 121, bayan an shafe shekaru ana gina hanyar da babban garejin caji, kuma ko bayan bikin sai da aka yi watanni ana gwaji kafin a fara ɗaukar fasinja gadan-gadan. Ko Legas, da duk kuɗinta, da bas biyu kacal ta fara gwaji a 2023, tare da wurin cajinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wutar garinmu

A duba abin da bas 20 za su nema. Kowace yunit 240 a yini, jimla yunit 4,800, daidai da abin da gidaje 480 za su sha in kowane gida na shan yunit 10. In aka jona su gaba ɗaya da dare, kowace a kan na'urar caji mai ƙarfin kilowat 100, za su ja megawat 2 a lokaci guda. Wannan ba nauyin da za a rataya wa taransifomar unguwa ba ne. In aka yi gangancin haka, Badariya ko Gesse ko Bayan Kara, duk unguwar da aka ajiye garejin, ita za ta kwana a duhu don motoci su ƙoshi, jama'a kuma su tsani motocin tun ba su hau ba.

Kuma mun san igiyar da garinmu ke rataye a kanta. Wutarmu daga Kainji take zuwa, madatsar da aka kammala a 1968, wadda ruwanta ya tashi garuruwa da ƙauyuka har a ƙasar Yawuri. Tana biyo babban layi guda mai ƙarfin kilobolt 330 zuwa tashar Birnin Kebbi, daga nan a raba zuwa Sakkwato, a kuma tura har Yamai ta Jamhuriyar Nijar, kamfanin rarraba wuta na Kaduna kuma ya sayar mana da abin da ya samu. A tsakiyar Satumbar 2023 gobara ta cinye manyan taransifomomi a wannan tasha, Kebbi da Sakkwato da wani ɓangare na Zamfara suka faɗa duhu. A Afrilun 2025 iska ta kayar da turakan layin, muka sake komawa gidan jiya. Duk wanda ya ce a ɗora zuwan malamai aiki a kan wannan layi kaɗai, to yana cewa ne ranar da guguwa ta taso a hanyar Yawuri a rufe makarantun Birnin Kebbi.

Mafita ita ce tasha mai ƙafa biyu: hasken rana a matsayin uwa, wutar layi a matsayin 'yar rakiya, da manyan baturan ajiya a tsakani. A ƙasarmu faifan sola mai ƙarfin kilowat ɗaya yana ba da kusan yunit 5 a yini. Bas ɗaya tana buƙatar wajen kilowat 50, bas 20 kuma megawat ɗaya, wanda fili mai hekta biyu ya ishe shi. A Janairun 2023 aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso ta Jihar Kano. Abin da muke nema kashi ɗaya ne cikin goma na wannan. Doka ma ba ta hana ba, domin gyaran tsarin mulki da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Uzurin cewa abu ne na tarayya ya ƙare.

Za a ce rana da rana take fitowa, lokacin da motoci ke kan hanya. Gaskiya ne, kuma a nan ne jadawalin makaranta ya zama amsa. Cunkoson fasinja a garin nan na safe ne, daga bayan asuba zuwa ƙarfe takwas, sai kuma daga azahar lokacin tashi daga makaranta da ofis. Tsakanin tara da sha biyu hanya takan yi sauƙi, a daidai lokacin da rana ke ƙara ƙarfi. Sai a riƙa shigar da motocin tasha bi da bi a wannan tsakani suna shan wuta kai tsaye daga faifai, abin da ya rage a tara a baturan ajiya don cajin dare. Wannan tsari ba ya faɗowa daga sama. Sai an zauna da waɗanda suka san lokacin shiga aji da na tashi, wato mu.

Sai zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40, zafi kuwa shi ne babban maƙiyin batirin litiyom: yana rage masa kwana, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana ƙara shan wuta. Don haka dole motoci su yi caji a ƙarƙashin inuwa, kuma rumfar faifan sola kanta ita ce inuwar. Dole a nemi irin batirin da ya fi jure zafi, a kuma gwada motar a kan hanyar Argungu a watan Afrilu, da cikakken lodi, kafin a sa hannu a kan odar sauran. Abin da kamfani ya rubuta a takarda a ƙasar sanyi ba hujja ba ne a nan. In hunturu ya shigo, ƙura takan lulluɓe faifai ta rage abin da suke bayarwa, saboda haka tasha na buƙatar rijiyar burtsatse da masu wanke faifan a kai a kai. Tana buƙatar kayan kashe gobara da ma'aikatan da aka koya wa yadda ake tunkarar wutar batir, domin ba irin ta fetur ba ce. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a idon mai almakashi, amma su ke raba motar da za ta yi shekara goma da wadda za ta yi damina ɗaya.

Abin da ya kamata mu nema

Na farko, tasha kafin mota, a rubuce cikin kasafin kuɗi da cikin yarjejeniyar kwangila. A gina babba a Birnin Kebbi, da ƙarama a Argungu don motar da ta isa can ta ƙara wuta kafin ta juyo. Kada a biya kamfanin motoci cikon kuɗinsa sai tasha ta yi aiki an gani.

Na biyu, a fara da kaɗan. Bas biyar da ke fita kullum a kan lokaci sun fi hamsin da ke jere ana ɗaukarsu hoto. A zaɓi hanyoyin da malamai da ɗalibai da ma'aikatan asibiti suka fi bi: daga Badariya zuwa cikin gari da Gwadangaji, hanyar Kalgo inda jami'ar tarayya da babban asibiti suke, hanyar Ambursa zuwa Argungu inda Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie take. In hanya ba ta cika babbar bas, a sa ƙarama, wadda ba ta shan ko rabin wutar babbar.

Na uku, masu gyara su zama 'ya'yanmu. A sa wa duk kamfanin da ya ci kwangilar sharaɗin horar da matasa daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da kwalejojin fasaha na jiha, tun kafin motoci su iso, ya kuma ajiye kayan gyara a nan Birnin Kebbi. Motar da sai an jira injiniya daga Legas ko Sin kafin a taɓa ta, ta riga ta mutu.

Na huɗu, asusun batir. Batirin bas yakan buƙaci canji bayan wajen shekara takwas, a zafinmu watakila ƙasa da haka. A riƙa cire wani abu daga kuɗin shiga na kowace rana ana tarawa a asusun da doka ta kare, a kuma riƙa buga lissafinsa jama'a su gani. In ba haka ba, gwamnatin da ta saya za ta tafi da yabo, wadda ta gaje ta ta ce ba ta da kuɗi, motocin su koma kan duwatsu.

Na biyar, kujera ga ma'aikata a hukumar da za ta kula da shirin. Ƙungiyarmu da Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC da ƙungiyar direbobi ta NURTW su samu wakilai masu ikon ganin littattafai. A yi wa malamai da ɗalibai katin wata mai rangwame. Ba mu neman kyauta, domin motar kyauta ba ta daɗewa, muna neman farashin da albashi zai iya ɗauka. A kuma buga kuɗin kowace mota da kowace na'ura da sunan kamfanin da ya kawo, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep, waɗanda da yawansu ɗalibanmu ne na jiya, wasu ma malamai ne da ke fita nema bayan an tashi. Za a tsoratar da su cewa an zo kashe musu sana'a. Bas ba ta shiga lungu, ba ta kai mutum ƙofar gida. Aikin ɗauko fasinja daga cikin unguwa zuwa bakin titi nasu ne har gobe. Kuma tashar da za ta iya cika bas za ta iya cika babur da keke na lantarki a kan kuɗi kaɗan, in an tsara ta da su a zuciya. Su ma fetur ɗin nan ne ke cinye musu wahalarsu. A kira su teburin shawara tun farko, kada a bari sai wani ya zuga su.

Zuwa ga Kauran Gwandu

Mai Girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, Allah ya taimake ka. Ba a taɓa samun lokacin da malaman Kebbi ke da hujjar sa rai kamar yanzu ba, domin wanda ke kan kujera ya riƙe alli, ya kuma shugabanci wannan ƙungiya tamu a matakin ƙasa baki ɗaya. Kai ba sai an fassara maka abin da ake nufi da ashirin ga wata a gidan malami ba. Ka zauna a teburin tattaunawa ta ɓangaren ma'aikata, ka san yadda ƙarin albashi ke narkewa a hannun mai gidan mai kafin ya isa kasuwa. Ƙarin da ba ya narkewa shi ne wanda aka yi ta hanyar rage wa ma'aikaci abin da yake kashewa. Za a zo maka da hotunan motoci masu sheƙi da alkawarin kawo su cikin wata uku. Ranka ya daɗe, ka tambaye su ina za su sha wuta, wa zai gyara su, wa zai sayi batir na biyu. Wanda ya kasa amsa waɗannan uku, kwangila yake nema.

Mu kuma 'yan'uwa, kada mu je gaban hukuma da kuka kawai. Kowane wakilin makaranta ya buɗe shafi a littafinsa, kowane malami ya rubuta inda yake tasowa, da abin da yake hawa, da abin da yake biya, da lokacin da yake isa, har tsawon wata guda. Iyalanmu su ƙara da abin da ake kashewa wajen kai yara makaranta. A kawo wa sakataren reshe kafin taro mai zuwa, a haɗa, a fitar da taswirar hanyoyin da malaman Birnin Kebbi da Argungu ke bi da abin da suke ci. Da wannan takarda za mu gabatar da ƙuduri ga uwar ƙungiya ta jiha, ita kuma ta kai ga gwamnati da Majalisar Dokoki kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi. Mu muke koya wa yaran jihar nan lissafi, bai kamata a yi lissafin hanyarmu ba mu a wurin ba.

Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a cikin aikinmu.